Harshen da Na Ara wa Inna

Da zan baro Gashua, kwana bakwai na ce wa mijina zan yi a Nguru, wurin Inna. Sai da na share wata uku, kuma babu ranar da ban leƙa zaure ina sauraren kukan motar Gashua ba.

Inna, mahaifiyata, alkaki da nakiya take yi wa masu kai gara. Duk sirrin sana'ar yana cikin tukunyar zaƙin da ake tsoma alkakin in an soya. Inna ba ta auna komai. Dangwalawa take yi ta kai baki, ta ƙara tsamiya, ta kurɓa a ludayi, ta ƙara ruwa, sau ashirin kafin tukunya ɗaya ta sauka. Gutsattsarin alkakin da ya karye kuwa ba ta iya zubarwa, shi ne karin kumallonta, shi ne abincin ranarta, shekara da shekaru.

Ta san halin kowane zaƙi a jikin mutum kamar yadda ta san halin maƙwabtanta. Mazarƙwaila, in ji ta, nauyi take sa wa, ka ci ka nemi inuwa. Zuma ɗumi take kawowa. Dabino da goriba a hankali suke shiga, su daɗe tare da kai, don sai ka tauna. Farin sukarin kanti, wanda jirgin ƙasa ya fara sauke mana tun ina goye, shi ta fi zagi kuma shi ta fi so. Nan take zai ɗaga ka, kafin azahar ya yar da kai, hannu na rawa, yunwa ta dawo sabuwa fil.

A bazarar da aka aiko in zo, na tarar da ita ta zube, zane har yana zamewa daga ƙugunta. Ta sha ruwa, ta zaga bayan ɗaki, ta dawo ta sake sha. Inda ta yi fitsari kiyashi ya taru baƙi ƙirin. Na ja ta asibiti tana faɗa. Malamin asibitin ya zuba fitsarin a wata 'yar kwalba da shuɗin ruwa, ya ɗora a wuta, muna kallo ya koma ja kamar jar ƙasa.

"Baba, zaƙi ya yi yawa a jininki," ya ce. "Ki bar shi duka. Ba farin kawai ba. Zuma, mazarƙwaila, rake, duk. Jini bai san wanne ya fito daga kanti, wanne daga amya ba."

"Har zumar?" in ji Inna. "Da aka ce waraka ce?"

"Waraka ce, Baba, amma ba taki ba a yanzu."

Ga shi kuma lokacin bukukuwa ne, kowa na son kai 'yarsa kafin ruwa ya sauka, gida shida sun riga sun kawo alkama. Inna ta ce ko a kan gadon mutuwa take ba za ta kunyata su ba. Ni ce na kawo shawarar, da bakina: ita ta tsaya kan tukunya, ni in riƙa ɗanɗana mata. Da na san abin da na ɗauko wa kaina, da na yi shiru.

"Yaya kika ji?" za ta ce.

"Da zaƙi, Inna."

"To da me kike so ya yi, da gishiri? Ya kama bayan harshe ko bai kama ba? Tsamiyar ta fito?"

Ban san bayan harshe yana da nasa aikin ba. Ta ce harshena na masu cin bandar kifi ne, Gashua ta kashe shi. Na ce to ta aika Gashua a sayo mata wani. Haka muke wuni, ni da saurin fushi, ita da baƙar magana, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jikina ma ya fara faɗa min gaskiyar maganarta: ranar farin sukari kaina ya yi ta sarawa da yamma, ranar mazarƙwaila barci ya kama ni a tsaye, haƙorina na dama ya soma zogi. Amma Inna ta ɗan farfaɗo. Ta koma tuwon dawa da miyar kuka, ƙishirwar ta ragu har ruwan randa ya fara kai mu yamma.

Ni dai hankalina ba ya gidan. Na bar ɗiyata 'yar shekara uku wurin surukata. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki tsintsiya sai in ajiye. Direban babbar motar da ke zuwa Gashua ya kawo saƙon mijina har sau biyu: kogi na tasowa, in hanya ta yanke sai kaka. Na gaji da warin mai, na gaji da zaƙi, na gaji da Inna. Kunya nake ji in faɗa, amma haka ne.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, na shiga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Babarbariya, na roƙe ta ta riƙa shigowa tana ɗanɗana wa Inna. Ta yarda. Inna ba ta hana ni tafiya ba, ƙullin alkaki ma ta ba ni in kai wa jikarta. Motarmu ce ta kusa da ƙarshe da ta wuce kafin ruwa ya cinye hanya.

Wata huɗu ban ji ɗuriyarta ba. Muna yankan shinkafa aka aiko in zo maza. Na same ta kwance, sartsen itace ya soke ta a ƙafa tun tsakiyar damina, gyambon ya ƙi warkewa, idanunta sun yi hazo. Sai da na yi magana ta gane ni. Na durƙusa ina kuka ina cewa ni na jawo, da ban tafi ba da ba ta koma kan ludayin ba.

"Ke tafi can," ta ce. "Kin zaci na taɓa yarda da wannan mataccen harshen naki? Kina juya baya nake kurɓa. Zamanki da tafiyarki duk ɗaya."

Na ji haushi, na kuma ji sanyi a raina, har na yi dariya cikin hawaye. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Ranar sadakar bakwai ina wanke kwanuka da maƙwabciyar nan, na maimaita mata waccan maganar ta Inna, don in ji ta yi dariya ita ma. Ba ta yi ba. Ta ce wata huɗu tana shigowa, Inna ba ta miƙa mata ludayin ba ko sau ɗaya.

"Amma lokacin da kike nan, 'yata, ni na gan ta," in ji dattijuwar. "Da idona. In kin fita leƙen mota, hannayenta take harɗewa a baya, ta tsaya kan tukunyar tana jiran ki dawo."