Gindin Jarka

Zunnuraini taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa: mutum ne mai ilimin da ba shi da kasuwa. An haife shi a Jibiya, inda ruwa mafi girma shi ne dam, amma da ya je jami'a sai ya ƙare a kan nazarin ƙwarin teku. Tekun ma mai ƙanƙara, wanda bai taɓa gani ba sai a kwamfuta.

Shekara shida yana cika mini kunne. Wai akwai wasu halittu ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, da rana su nitse can ƙasa don gudun haske, in duhu ya yi su hauro su ci abinci. Wai in sanyi ya tsananta sukan sauka zurfin da ya kai kilomita su yi ta barci wata da watanni. Ni kuwa Lawwali, da na girma a kan babur ina tsallaka iyaka da jarkokin fetur, sai in ce, “To, Malam Teku, mi za a ci yau?” Na sha sa masa dariya a gaban mutane, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Da aiki ya ƙi samuwa, sai ya koma ƙyanƙyasar tarwaɗa a wani filin danginmu a Ɗan Isa, tsallaken iyaka. Sau uku yana gwadawa, sau uku 'ya'yan suna mutuwa. Mahaifinsa, Alhaji Isah, ya gaji. Ya ce masa, “Wanga shi na ƙarshe. In sun mutu, ka zo ka zauna shago ka auna shinkahwa kamar kowa.”

Karo na huɗu ya yi kyau. 'Ya'yan suka fito dubbai, kamar tsinken allura. Amma daga kwana na uku dole su ci abu mai rai, in ba haka ba su mutu ko su cinye juna. Abincin kuwa dangin ƙwarin nan ne nasa, ashe akwai su a dam ɗinmu. Da asuba ya je da rariyar ƙyalle ya tato su tun suna sama, ya cika jarka biyu, na ɗaure a babur, muka kama hanya.

A shingen iyaka aka ce ya kawo katinsa na shaida. Malam Teku, da ya san abin da ke ƙasan tekun da bai taɓa gani ba, ya bar kati a aljihun wata riga! Ni an san fuskata, aka ce in wuce. Ya biyo ni da gudu yana cewa, “Taubashi, ka tuna hwa, yanzu rana ta hito, su kuma ɗabi'arsu...” Na murza babur. Na ɗauka wani karatun ne zai fara.

Hantsi ya dubi ludayi na isa. Na buɗe jarka, na ga ruwa garau a sama. Na tsiyaya a kwamin kifin a hankali, yadda na saba. Duk wanda ya taɓa sayar da fetur na bumburutu ya san gindin jarka ba a ba mota, can datti da ruwa suke kwanciya. Da na zo ƙasa na ga wani jan abu yana damewa kamar kunun kanwa, sai na ce lakar dam ce. Na watsar a kan yashi, jarka biyun duka, har ina yaba wa kaina tsabta.

Sai bayan la'asar ya iso, don sai da ya koma gida ya ɗauko katin. Ya leƙa kwami, ya dube ni, ya dubi jan tabon da ya bushe a yashi. Ya tsuguna ya shafa da yatsa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, don tsakanin taubasai zagi ba komai ba ne.

Ya ce, “Shekara shida ina hwaɗa maka da rana ƙasa suke sauka.”

Washegari muka kawo wasu, amma rabin 'ya'yan sun riga sun taso sama fari fat. Sauran ba su kai Juma'a ba.

Yanzu yana shagon Alhaji yana auna shinkafa da tiya. Har yau haushi nake ji, na katin, na shingen, na bakinsa da ba ya iya cewa “juye duka” sai ya bi ta teku. Amma na fi jin haushin kaina. Ranar kasuwa na zauna a bencinsa na ce, “Malam Teku, ba ni labarin masu barcin nan na ƙasan ruwa.” Bai ɗago ba. Ya ce, “Tiya nawa za a auna maka?”