Fentin Kyamarar Darwis

Duk gidan da aka yi aure a unguwar masunta ta Pariaman, hoton da ke bango Darwis ne ya ɗauke shi. Dattijo ne mai taurin kai da son shayi mai ƙwai. Kyamararsa ta tsufa tare da shi, baƙin fentinta ya goge, ƙarfe ya fito fes duk inda yatsa ke sauka.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne yanar ido ta kusa rufe masa gani. Da waɗannan gogaggun wurare yake aiki. In yatsa ya ji santsi nan, madannin haske ne, in ya ji kaushi can, na nesa da kusa ne. Mutane kuwa da muryarsu yake saita su, shi ya sa ya cika tsokana kafin ya danna. Burinsa ɗaya, ya ɗauki auren jikarsa Elvi da hannunsa kafin asiri ya tonu.

'Yarsa Rosmaini, uwar amarya, ita ta tayar da maganar.

"Baba, wannan abu kamar an tono shi daga shara. Gaban surukai za ka rataya shi? A yi masa fenti mana."

"Ni ma a yi mini fentin, ai na fi ta koɗewa."

"Ka faɗi dalili ɗaya da zai hana."

Ya kurɓi shayinsa. Da ya faɗa da an huta, amma ina, girman kai ya hana.

Ana saura mako biki, ta ce za ta kai kyamarar a share mata ƙura. Da safiyar biki ta miƙo masa ita baƙa wuluk, tana murmushi, tana jiran godiya. Ya shafa sama, ya shafa gefe. Ko'ina sumul, kamar kayan wani.

Aka fito da Elvi tare da ƙawayenta, doguwar hular zinariya ta amare a kanta. Darwis ya ɗaga kyamara, yatsunsa na lalube. Ya danna wani abu, ta mutu. Ya kunna, ya sake dannawa, shiru. Garin lalube ya manta da tsokana, ba wadda ta yi magana balle ya san inda za ya juya. Sai ya saita labule.

"Kaka, ga mu nan ta dama," in ji Elvi a hankali.

Rosmaini ta dubi idanun ubanta, irin duban da ta daɗe ba ta yi ba.

"Baba, tun yaushe?"

Ya cire igiyar daga wuyansa, ya ɗora mata kyamarar a hannu.

"Fentin ya yi kyau, ko? Bar kuka, Ros, ba ki sani ba. Faɗa mini dai, wane launi yarinyar ta sa?"