Pawar Baba

Wata ranar Laraba ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a wata firamare a Barnawa, malamarmu Madam Ngozi ta ba mu aikin gida. Ta ce kowa ya ƙirƙiri jarumi irin na katun ɗin talabijin, ya raɗa masa suna, ya rubuta labarinsa. Da Hausarta mai gauraye da Turanci ta buga tebur ta ce, "Amma dole ya zama yana da pawa!" Duk mun gane nufinta: ƙarfi na ban mamaki, kamar tashi sama ko ɗaga mota da hannu ɗaya.

A Kakuri muke zaune, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Da na gama ɗiban ruwa da wanke-wanke, na haƙura da 'yar gala-galar da ƙawayena ke yi a ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma ina taunar biro. Sai ga Baba ya dawo daga mahauta, warin kitse bai gama barin rigarsa ba. Mahauci ne, bai yi boko ba, amma kullum sai ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Hadiza, yau me suka ba ku?" Kullum in faɗa, ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, ya tashi ya yi alwala.

Ran nan na ce an ce mu rubuta jarumi mai pawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba. Ya ce, "Pawa? Yau dai makaranta ta zo gidana!" Shi a kunnensa sana'arsa aka ambata, pawa ta yanka da fiɗa, wadda ya gada daga kakanni. Ya zauna sosai, ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani dogon tabo, ya fara ba ni labarin bijimin da ya tsinke igiya ya nufi 'yan makaranta, da yadda ya sha gabansa ba ko sanda a hannunsa.

Bai kai tsakiya ba na fashe da dariya. Ni ce ta ɗaya a Turanci, kaina kuwa ya fi jikina girma. Da ƙarfi na ce, "Haba Baba, ba irin taku ba ce, ta Turawa ce!" Maƙwabciyarmu Maman Chinedu da ke suyar filanten, doguwar ayabar nan, ta ji, maƙwabcinmu Baba Yohanna mai gyaran rediyo ya ji, suka tuntsire, ba da mugunta ba. Shi ma ya taya su. Ya ce, "Ashe tasu daban." Ya sauke hannun rigarsa, ya ɗauki buta.

Na rubuta labarin wani jarumi mai jan mayafi da ke shawagi saman gadar Kaduna, Madam ta sa aka tafa mini. Baba bai yi fushi ba. Ya ci gaba da ɓoye mini tsokar da na fi so, ya biya kuɗin makarantata har na gama. Abu ɗaya kawai ya daina: bai sake tsugunawa ya tambaye ni me aka ba mu ba. Na sha shimfiɗa tabarmar a hanyarsa da gangan, sai ya sa mini albarka ya wuce.

Yanzu ni ke koyar da yara rubuta labari a Narayi, iyayensu na taya su da waya, aiki ya fito tsaf. Baba ya tsufa, ya koma Kakau, hannunsa na rawa ba ya iya riƙe wuƙa. Bara na zauna gabansa na roƙe shi ya ƙarasa mini labarin bijimin nan. Ya yi murmushi ya ce ya manta. Har yau ban san ko mantuwar gaskiya ce ba, kuma ba ni da bakin sake tambaya.