Kafaɗar Abba a Bangon Gidan Kifi

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Mu'allim mai shagonmu ya tura ni gidan soya kifin nan na unguwar Mahjar a Jidda ba. Ku da kuka shigo sana'ar bayan injin buga hoto ya cinye ta, bari in yi muku bayani. A shagonmu na da, mataki uku ne: sabbag mai shafa fenti, haɗɗaɗ mai rubuta allon shago, sai rassam mai zane. Ni rassam ne. Aikina cika bangon gidajen cin kifi da teku da kwale-kwale da bukkokin masunta. Doka ɗaya ce tak: ba a zana fuska, masu shaguna ba sa so. In za ka sa mutum, to ya ba mu baya.

Bangon Mahjar shi ne babban aikina na farko, ina saurayi. Ƙauyenmu na bakin teku a Sudan na zana, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Hajji, ba su ƙara gaba ba. Kusa da ƙofar kicin na zaunar da wani mutum yana ɗinkin koma, kafaɗarsa ta hagu ta sauka saboda jan igiya. Abbana ne, wanda har ya rasu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da na kai Inna ta ga aikin ban ce mata komai ba. Ta tsaya cak, ta ce, "Wannan ai Malam ne," ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bara, bayan Babbar Sallah, gidan kifin ya koma hannun wani. Lokacin ni rassam a suna kawai, shafe-shafe nake yi.

"Yalla Isiyaku," in ji Mu'allim, "je ka mai da bangon nan fari, sitika za a manna."

"Ya Mu'allim, ka tura wani mana."

"Wa zan tura? Kai kaɗai ka rage mai riƙe burushi."

Sabon mai gidan, Faisal, Bahaushe ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya ammi yake ce min, wato baffa. Ya ce, "Wallahi ya ammi zanen hilu ne, yana da kyau, bas ya tsufa. Mutane sabo suke so." Na roƙe shi ya bar ni zuwa La'asar in ɗauki hoto a waya. Ya ce ma fi mushkila, wato babu damuwa.

Na ɗauka, na duba, babu komai sai duhu. Hayaƙin suya na shekara da shekaru ya rufe wajen, idona ne kawai ya san inda Abba yake zaune. Sai na ce bari in wanke. Na haɗa ruwan ɗumi da sabulu, na sa soso a hankali.

Fentin ruwa ne, mai araha, kuma mai gidan na farko bai yarda an shafa masa man kariya ba. Ashe maiƙo ya daɗe da cinye shi, dattin ne kawai ke riƙe da shi a bango. Shafa ɗaya na yi, kafaɗar ta biyo soson. Na tsaya ina kallon siminti, ruwan bokiti ya yi baƙi. Faisal ya leƙo ya ce, "Halas, ya ammi? An gama?" Na ce halas. Na ɗauki rola na gama masa aikinsa, hawaye na zuba, ban ma ɓoye ba.

Tun daga nan nake gwada sake zana Abba a ɗakina na unguwar Madain Fahd. Tekun yana fitowa, koma tana fitowa, amma kafaɗar ta kowa ce. Na fara shakkar ko ma ta dama ce ta sauka. Inna ta rasu, babu wanda zan tambaya.

Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan hannu naka ne, bango na wani, saboda haka kada ku ajiye abin da kuke so a bangon mutane. Har yanzu nakan je can cin kifi. Sitikar tana da kyau, teku shuɗi shar, babu kowa a bakinsa. Kusa da ƙofar kicin nake zama.