Daddawar da Na Tarar a Koriya

A watan Oktoba na shekarar da na cika goma sha ɗaya, wata safiyar Asabar, na tsaya a bakin wata gona a Koriya ta Kudu na saki baki. Shinkafa ce ta nuna tun daga inda nake har gindin duwatsu, rawaya shar, iska na kaɗa ta. Ni da na tashi a unguwar Longsight ta birnin Manchester, inda gidaje ke manne da juna, filin ƙwallonmu kuma lungun da ake jera kwandunan shara, a buhu kawai na san shinkafa. Babana ya dafa kafaɗata ya ce, "Rufe bakin nan, Sadiƙu, kar ƙuda ya faɗa."

Baba ya zo Manchester ne karatun injiniya, ya zauna gida ɗaya a Fallowfield da wani ɗan Koriya mai suna Han. Bayan Han ya koma ƙasarsu ya yi ta matsa wa Baba ya zo ya ga ƙauyensu. Ni kuwa dalilin tafiya da ni daban ne: na daina cin miyar Mama. Wani yaro a ajinmu ne ya shinshina rigata ya toshe hanci, aji ya kwashe da dariya. Warin daddawa ne, wadda kakata ke aiko mana daga Zariya. Daga ranar na koma burodi da soyayyen dankali. Mama ta fara girki da taga a buɗe cikin sanyi, tana ɗaure kayan makarantata a leda. Daga baya ta daina sa daddawar gaba ɗaya, ta rufe sauran a gwangwani ta tura bayan kabad. Miya ta zama lami. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta rage magana lokacin cin abinci, wani sa'in ma ba ta zama da mu. Da hutu ya zo Baba ya ce, "Taso mu je ka ga duniya, ko cikinka ya yi hankali."

Kawu Han ya ɗauke mu a 'yar motarsa, muka yi ta ratsa ƙauyuka. A bakin teku na ga wani naman ruwa mai hannuwa da yawa an shanya shi a igiyoyi kamar wanki, layi bayan layi. Da muka hau tsaunuka aka kawo mana taliya baƙa-baƙa cikin romo mai ƙanƙara, ga sanyi a waje, mutane na zuƙarta suna lumshe ido. A wani gidan abinci mace ɗaya ta jera mana ƙananan kwanoni har tebur ya ɓace: ganye iri-iri, jijiyoyin itatuwa, kabeji mai yaji da aka tsima. Kawu Han ya san ƙa'idarmu tun zaman Fallowfield, don haka kafin mu zauna sai ya leƙa wajen mai girki ya tabbatar babu alade babu giya. A gefen titi barkono ne ja wur a kan tabarmi, Baba yana ta nunawa yana cewa kamar hanyar garin Giwa can wajen Zariya. A ƙarƙashin rufin gidaje an fere wasu 'ya'yan itace masu launin ruwan lemo an rataye su jeri-jeri, rana na haska su kamar fitilu. Idona ya ƙoshi, amma farar shinkafa kaɗai nake ci, in mun fito kuma in shinshina hannun rigata.

Ƙauyen su Kawu Han yana cikin wani kwari. Mahaifiyarsa 'yar tsohuwa ce mai lanƙwasasshen baya, tsawonta bai fi nawa ba. Muka cire takalma muka shiga, na ji daɓen ɗakin da ɗumi, ashe wutar murhu ce ke bi ta ƙarƙashinsa. A tsakar gida, a wurin da rana ta fi bugawa, an yi dakali na dutse an jera manyan randuna masu ƙyalli na tsima kayan miya. Kowace safiya sai ta goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe wasu su sha rana. Ta ba ni aikin ɗaukar murafe da korar kaji. In na gama sai in bi yaran maƙwabta, su koya mini buga wani ɗan abu mai geza da gefen ƙafa ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Ba ma jin yaren juna, amma dariyar da suke mini na gane ta sarai.

Wata safiya tsohuwar ta ja hannuna zuwa ɗakin da ya fi ɗumi. A kusurwa akwai wani abu an lulluɓe shi da barguna kamar mai zazzaɓi. Ta yaye. Kwando ne cike da dafaffen waken suya, an tsittsira karan shinkafa a ciki, yana yauƙi. Warin ya buge ni, na ja baya har na take ƙafar Baba. Daddawa ce. Ba kama ba, ita ce. Baba ya sunkuya ya shaƙa, ya yi dariya har da hawaye, yana cewa, "Han, shekara nawa muna gida ɗaya, ashe kuna da kayan arziki ka ɓoye mini!" Tsohuwar ta juye waken a turmi, ta zuba gishiri da barkono, ta miƙa mini taɓarya.

Ina cikin daka maƙwabta suka fara shigowa da kwanoninsu, hancinsu ne ya kawo su. Babu wanda ya yamutsa fuska. Aka dafa miyar da awara da busassun ƙananan kifaye, aka kawo ta tana tafasa. Shugaban makarantar ƙauyen, da kwat ɗinsa da laƙtaye, ya naɗe ƙafa a ƙasa ya sha ya nemi ƙari, sannan ya tashi ya tafi aiki da warin a jikinsa, ko a kwalar rigarsa. Wannan ya fi gonar shinkafa ba ni mamaki. Tsohuwar ta turo mini kwano tana magana, Kawu Han ya fassara: "Ta ce jikokinta na birni ma toshe hanci suke yi, amma ranar da suka kwanta ciwo ita suke kuka a dafa musu." Na kai cokali baki. Miyar Mama na ji, ta dā, kafin a tura gwangwani bayan kabad. Na cinye, aka ƙara, na sake cinyewa. Baba ya yi kamar bai gani ba.

Ranar da muka dawo Longsight, ko jakata ban kwance ba na taka kujera na ciro gwangwanin, na ajiye a gaban Mama. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To, 'yan ajin naku fa?" Na ce su shinshina. Ta juya mini baya a wajen famfo ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. Sannan ta miƙa hannu ta rufe taga.

Yau sarin kayan abinci nake yi, ina raba wa kantuna tsakanin Manchester da Birmingham. Daddawa tana zuwa mini a leda cikin leda, kuma da yawa daga masu saye tambayarsu ɗaya ce, ko akwai wadda ba ta wari. Akwai, kuma ina sayar musu, kasuwa ce. Mama ta koma Zariya. Tsohuwar nan ta Koriya ta rasu, Kawu Han ya ce randunanta furanni aka shuka a ciki. Direbana kullum yana ƙorafin motar kaya tana wari, yana so ya rataya turare. Na ce masa ya bar ta haka.