Marinin da Mushe Ilyasu Ya Ƙaga

Mushe Ilyasu, kamar yadda ake kiran malamin boko a can, ɗan Jiratawa ne, amma a Maraɗi ya yi yawancin rayuwarsa, a wani ɗan gida cikin unguwar Zariya, shi da matarsa Tahira. Tarihi yake koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko. Siriri ne, marar yawan magana, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. In ya taso daga aiki sai ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya yi ta rubutu har a kira magariba.

Littattafansa duk tafiyarsu ɗaya. Wani ɗan kabu-kabu ne, Shamsu, ke faɗawa tsohuwar rijiya a bakin Gulbi ya ɓullo a zamanin da. Sai ya tarar an yi kisa ko wani ya ɓace, ya bi sawu har ya gano mai laifi, sannan ya dawo. Wanda ya fito da sunan Ilyasu shi ne Zakari, mai karanta labarai a wani gidan rediyo. Duk ranar da za a karanta, teloli kan tsai da keke, masu shayi su ƙure murya.

A labarinsa na ƙarshe, Shamsu ya ɓullo a Tibiri cikin wata shekarar yunwa. Wani falke ya shigo gari da jakunan hatsi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta bayyana wani marini ne mai shidaniya, wato yatsa na shida, a hannun hagu, wanda gidansa ke gindin tsamiya, ya kashe falken ya tura gawar cikin ramin marina. Ilyasu da kansa ya ƙaga mutumin, ko suna bai ba shi ba.

Ashe a Tibiri akwai gidan da kakanninsu marina ne, da tsamiya a ƙofar gida, shidaniya kuma gadonsu ce. Akwai kuma wani gidan da suka tashi suna jin cewa kakansu ya fita fatauci bai komo ba. Kafin Zakari ya kai ƙarshen littafin, magana ta gama gari. Samarin gidan falke suka ɗauki diga da shebur suka tone tsofaffin ramukan. Suka iske ƙasusuwa. Na mutum ne, na jaki ne, babu wanda ya tsaya bincike. Aka yi faɗa, aka karya wa wani magidanci na gidan marina ƙugu, sai da jandarma suka zo.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama da Ilyasu. Ya fito ya ga dattijo tsaye da sanda, rigarsa duk ƙurar hanya. Da suka gaisa ya ga ɗan yatsa na shida a hannunsa.

"Ni ne Maman Lawali, daga Tibiri," in ji dattijon. "Ba faɗa ya kawo ni ba, Mushe. Wa ya ba ka labarin kakana?"

"Wallahi Baba, ba wanda ya ba ni. Ƙagawa na yi."

"Da shidaniyar? Da tsamiyar?"

Ilyasu yana yaro ya sha bin uwarsa kasuwar Tibiri. Ko ya taɓa ganin gidan abin ya kwanta masa a rai, shi kansa bai sani ba.

"Ɗana na kwance gidan likita, ba a san ko shina sake tashi ba," dattijon ya ci gaba. "Ɗiyata Saudatu ƙosai take toyawa, yanzu ko kare bai tsayawa wurinta. Masallaci in na shiga sahu, sai a bar mini fili dama da hagu. Na zo ne in ji ko gaskiya ce, don in san irin addu'ar da zan riƙa yi ma tsohon."

Tahira ta kawo ruwa. Dattijon ya sha, ya yi godiya, ya ƙi yarda a raka shi tasha.

Kashegari Ilyasu ya tafi rediyo ya yi magana da bakinsa. Ya rantse cewa babu marini, babu falke, duk daga kansa suka fito. Bai yi amfani ba. Masu bugo salula suka ce tsoratar da shi aka yi. Wani ya ce, "Malamin tarihi ne fa, ya san abin da ya gani cikin takardun Turawa." Ilyasu ya je Tibiri ya zauna da dattawan gidan falke, suka saurare shi cikin mutunci, da ya gama babbansu ya ce, "Mun ji, Mushe. To ƙasusuwan fa, kai ka zuba su?"

Ɗan Maman Lawali ya fito daga likita da sanduna biyu. Kafin damina ta kama, gidan ya watse, wasu suka tsallaka Jibiya wurin dangi. Tsohon ya ƙi tashi, ya ce ba ya barin kushewar iyayensa. Can ya rasu bayan girbi.

Ilyasu ya je gaisuwa. Mutane ba su cika tabarma biyu ba. Ya zauna daga gefe, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce masa uffan. Da zai tafi, Saudatu ta leƙo daga zaure.

"Kai ne mai littafin?"

"Ni ne."

"Baba ya ce in ka zo a gaya maka ya yafe. Ni dai ban kai nan ba tukuna."

Ilyasu bai ƙarasa shekarar a lakwal ba. Suka kwashe kaya suka koma Jiratawa, ya karɓi ɗan filin da ubansa ya bari a bakin kanal ɗin ban ruwa, yana noman zogale da albasa. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya fara hazo. Zakari ya je har can sau da dama neman sabon labari. Zuwansa na ƙarshe ya iske shi duƙe cikin fadama yana buɗe wa kwamin albasa ruwa, Ilyasu bai ko ɗago ba ya ce masa ya gai da mutanen Maraɗi.