Gwaggo Hadiza Mai Karatun Teku

Wata safiyar Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da na faɗi jarrabawa aka ce zan maimaita aji a lakwal. Muna noman maimai a gonar hatsinmu da ke bayan garin Dakoro, sai na hangi hawainiya a reshen kalgo. Nan take muka yar da hauya, ni da ƙannena muka tsinto hoge za mu jefe ta, don an gaya mana duk wanda ta tofa wa miyau ya shiga uku. Hannuna yana sama ke nan aka riƙe shi ta baya. Gwaggo Hadiza ce, ƙanwar babanmu, wadda ta zo hutu daga Dakar, ta biyo mu gona da ƙwaryar fura. Ba ta yi mana faɗa ba. Tsugunnawa ta yi ta ce, "Lawali, kafin ka kashe ta, gaya mani wace kala ce." Na ce koriya. Ta ce in ƙara dubawa. Ina tsaye ina kallo, ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka feso mata a jiki. "Tsoronka ne ya sa ta haka," in ji Gwaggo. Hogen ya faɗi daga hannuna ban sani ba.

A gidanmu ba wanda ya gane aikinta sosai. An dai san ta yi karatu a Maradi da Yamai, ta ƙetare har bakin teku, tana koyarwa a jami'a, tana kuma shiga jirgin ruwa ta nutse ƙasa tana binciken launin halittun da ke can. Kakarmu takan riƙe haɓa ta ce, "Ɗiyar da ta tashi tana jan guga gaba talatin, me ya kai ta ruwan da ba a sha?" Gwaggo sai ta yi dariya, ta ci gaba da taya ta surfe.

Duk hutun nan ina biye da ita. In na kai awaki kiwo sai ta raka ni, mu tsaya bakin tabki mu kama kwaɗo, ta sa in birkice shi in faɗi dalilin da ya sa bayansa duhu cikinsa fari. Ba ta taɓa ba ni amsa ba sai na yi ta laluben tawa. Kwana da kwanaki na yi kafin na gano cewa shamuwa daga sama take kallonsa, ba ta rabe shi da laka. Da na faɗa mata, ta tafa hannu kamar yarinya, ta ce kifayen teku ma haka suke. Ta nuna mani wata fara da ke zama a kan tumfafiya, mai ado rawaya da baƙi, wadda tsuntsu ba ya kusanta, ta ba ni labarin wata halitta mai hannuwa takwas da ke rikiɗa ta koma kalar dutse kafin ka ƙifta ido. Takan ce, "Ɗaliban da na fi so su ne waɗanda ba sa gaggawar cewa sun sani."

Ashe babanmu ya riga ya yanke shawarar cire ni daga lakwal, ya haɗa ni da dillalan dabbobi a kasuwa, tunda mushenmu, wato malamin ajinmu, ya ce kaina ba ya ja. Ana gobe Gwaggo za ta koma, ina ba tunkiya dusa, na ji ta a zaure tana cewa, "Yaya, ka bar mani shi shekara guda. Yaron nan yana da ido, ba a dai taɓa tambayarsa abin da yake gani ba." Baba ya ce to, saboda ita. Shekarar nan ban yi na ɗaya ba, amma na wuce.

Yau ni ke koyar da ilimin halittu a wani kwaleji kusa da Bader Goula. Inda tabkin yake an yi gidajen siminti, yaran unguwar kuma ba su san an taɓa yin iyo a wurin ba. Gwaggo ta ajiye aiki, yanar ido ta rage mata gani, da ƙyar take rarrabe fari da ja. Duk damina takan kira ni a salula ta ce in kwatanta mata yadda hatsi ya yi bana, kuma kar in ce mata kore kawai. Nakan daɗe a tsaye bakin gona ina kallon hatsin kafin in fara magana.